Ma'aunin Takarda, da Kati, da Ambulan: Darasi Daga Birnin Doha

Shirin ilmin kimiyya na wannan mako ya shafi wani abu ne wanda kowa ke riƙewa a hannu, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar dalilin girmansa, watau fallen takarda. Me ya sa takardar ofis ta ke da tsawon milimita 297 da faɗin milimita 210, ba 300 da 200 ba, waɗanda za su fi sauƙin tunawa? Me ya sa katin banki da aka yi a Kano ya ke shiga injin ba da kuɗi na wata ƙasa daidai wa daida? Kuma ina dalilin da wata wasiƙa ta kan shige ambulan sumul, wata kuwa sai an yi ta lanƙwasa gefenta? Duk waɗannan suna da amsa, amsar kuwa lissafi ne da tarihi.

Za a ɗauki misalai daga Doha, babban birnin ƙasar Ƙatar, wanda ke gaɓar Tekun Fasha. Dalili kuwa shi ne, mafi yawan mazauna birnin baƙi ne masu neman abinci, daga Indiya, da Filifin, da Masar, da Sudan, da Turai, da Amurka, har da Hausawa daga Nijeriya da Nijar da Gana. Kowane baƙo da takardunsa ya zo: shaidar makaranta, da takardar aure, da yarjejeniyar aiki. Saboda haka a kan teburin akawu ɗaya a Doha a kan sami ma'aunin takarda iri uku ko huɗu sun haɗu, kuma a nan ne a ke ganin amfanin daidaitawa da wahalar rashinta.

Kafin a daidaita

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, kuma tarihi ya riƙe sunan wani bafade, Tsai Lun, wanda ya kai wa sarkinsa bayanin yinta a shekarar 105. Daga can sana'ar ta biyo ta Samarƙandu, har aka kafa masana'antar takarda a Bagadaza wajen shekarar 794, a zamanin Halifa Haruna Rashid. A lokacin da hannu a ke yin ta. Ma'aikaci ya kan tsoma wata rariya mai kusurwa huɗu cikin kwatarniyar ɓawon itace ko tsumma da aka kirɓa, ya ɗago, ruwa ya tsiyaye, abin da ya rage a kan rariyar ya bushe ya zama falle. Girman falle girman rariya ne, girman rariya kuwa iyakacin abin da hannun mutum zai iya ɗagawa. Don haka kowane gari da nasa awo, kamar yadda mudun wannan kasuwa ya ke bambanta da mudun waccan.

Duk da haka masu mulki sun daɗe suna ƙoƙarin sa doka. Alƙalƙashandi, wani magatakarda a fadar sarakunan Masar, wanda ya rasu a 1418, ya bayyana cikin littafinsa Subhul A'asha cewa girman takardar wasiƙa ya danganta ne ga darajar wanda za a aika wa. Babban falle na Bagadaza na halifofi ne da manyan sarakuna, sa'an nan a yi ta ragewa, sulusi biyu, rabi, sulusi, rubu'i, har a kai ga 'yar ƙaramar takarda marar nauyi wadda a ke ɗaura wa tantabara ta kai saƙo. A birnin Bolonya na ƙasar Italiya kuwa, wajen 1389, an sassaƙa girman takarda iri huɗu a jikin wani dutse don masu sana'ar su riƙa gwada nasu. Wanda ya ziyarci Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci na Doha, wanda aka buɗe a 2008, ko Babban Ɗakin Karatu na Ƙatar, wanda aka yi bikin buɗewarsa a 2018, zai ga littattafan hannu na waɗancan zamanai, kowanne da nasa tsawo da faɗi.

Ƙasar Hausa ma ta san wannan hali. Sa'ad da Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya iske ana sayar da takarda mai alamar wata uku a cikinta, wadda a ke yi a Italiya, fatake su ratso Hamada da ita daga Tarabulus. Malamai su kan ninke falle su yanka gwargwadon bukatarsu, su rubuta, su jera warƙoƙin cikin tadarishi ba tare da ɗinki ba, su sa a gafaka. Tun da kowane littafi da hannu aka rubuta shi, kuma baduku ya yi masa sutura daidai jikinsa, rashin ma'auni ɗaya bai dami kowa ba. Zuwan injin ɗab'i, da tafireta, da gidan waya, da fayil na ofis, shi ya sa abin ya zama tilas, gama inji ba ya yin ciniki: abin da aka auna masa shi ya ke karɓa.

Lissafin da ke cikin falle

Ga tambayar da masana suka yi wa kansu. Wace siffa za a ba falle, yadda in an ninke shi biyu, rabin zai fito da siffar uwarsa, ba siriri ba, ba kuma gajere mai faɗi ba? Alal misali, a ɗauki falle mai tsawon santimita 30 da faɗin 20. Tsawonsa ya yi faɗinsa sau ɗaya da rabi. In an ninke shi sai a sami 20 da 15, watau tsawo ya yi faɗi sau ɗaya da sulusi kaɗai. Siffa ta sāke ke nan, kuma zanen da ya zauna daidai a kan babban ba zai zauna daidai a kan ƙaramin ba.

Siffa ɗaya tak ce ke tsira daga wannan. Ita ce wadda tsawonta ya yi faɗinta sau 1.414, watau lambar nan wadda in an riɓanya ta da kanta za ta ba da 2. Dalilin kuwa a fili ya ke. In faɗi 1 ne, tsawo 1.414, to bayan ninkewa tsohon faɗi shi zai zama sabon tsawo, watau 1, sabon faɗi kuwa rabin 1.414 ne, watau 0.707. In aka raba 1 da 0.707, sai a sake samun 1.414. Haka za a yi ta yi, kome yawan ninki.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, don haka mai sauraro ya iya gwadawa da kansa. Ya ɗauki takardar ofis, ya kamo kusurwa ɗaya ya ninke, har gajeren gefe ya kwanta a kan dogon gefe. Karin da ya fito ya ratsa murabba'i ne daga kusurwa zuwa kusurwa. In ya auna karin nan da rula zai sami milimita 297, daidai da tsawon takardar. Ashe tsawon falle ba zaɓen son rai ba ne, faɗinsa ne ya haife shi.

Wani malamin kimiyya na jami'ar Gottingen a Jamus, Georg Christoph Lichtenberg, ya ambaci wannan siffa cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1786. A 1798 gwamnatin Faransa ta sa waɗansu ma'aunai masu wannan siffa cikin dokar harajin takardun hukuma, amma daga baya aka manta da su. Sai a 1922 wani injiniya Bajamushe, Walter Porstmann, ya tsara su sosai, hukumar ma'aunai ta Jamus ta karɓa da sunan DIN 476. Ƙasashe suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, Ingila a 1959, Faransa a 1967, har a 1975 Ƙungiyar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta mai da shi ƙa'idar duniya mai lamba ISO 216. Shi ne a ke bi a ofisoshin Ƙatar, da Nijeriya, da Nijar, da mafi yawan ƙasashe.

Jeri uku

Jeri na farko shi ne na A. Uwar jerin ita ce A0, wadda filinta murabba'in mita ɗaya ne, milimita 841 da 1189. Rabinta A1 ne, 594 da 841, wanda masu zanen gine-gine ke yawan amfani da shi, kuma birnin da ke cike da gini irin Doha ya kan ci shi da yawa. Sa'an nan A2, 420 da 594. A3, 297 da 420. A4, 210 da 297, ita ce takardar ofis. A5, 148 da 210, girman ƙaramin littafi. A6, 105 da 148, girman katin gaisuwa. Lambar tana nuna yawan ninki ne: A4 ita ce A0 da aka ninke sau huɗu, don haka falle 16 na A4 ke fita daga uwa ɗaya. In rabo ya faɗa kan rabin milimita a kan zubar da shi, shi ya sa rabin 297 ya zama 148.

Jeri na biyu shi ne na B, wanda ke cike giɓin da ke tsakanin na A. B0 faɗinta mita ɗaya ne cif, tsawonta milimita 1414. B5, 176 da 250, ana buga littattafai da ita. B7 kuwa, 88 da 125, kowane matafiyi yana da ita a aljihu, gama ita ce girman fasfo.

Jeri na uku shi ne na C, na ambulan. An sa kowace C ta ɗara 'yar'uwarta ta A kaɗan, don takarda ta shiga ta fita ba tare da ta yage ba. C4, 229 da 324, tana ɗaukar A4 a miƙe, ita ce ta dace da takardar shaida wadda ba a son a ninke. C5, 162 da 229, tana ɗaukar A4 mai ninki ɗaya. C6, 114 da 162, tana ɗaukar mai ninki biyu. Akwai kuma doguwar ambulan ta ofis da a ke kira DL, 110 da 220, wadda ke ɗaukar A4 da aka naɗe gida uku, kowane gida milimita 99.

Gidan waya shi ya fi kowa bukatar wannan tsari. An buɗe gidan waya na farko a Doha a 1950, ƙarƙashin kulawar Ingilishi. Kan sarki mai ɗauke da sunan Ƙatar ya fara fita a 1957. Ƙasar ta karɓi sha'anin wasiƙunta a 1963, ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1969. Ƙungiyar nan, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ta yi babban taronta na 25 a Doha a 2012. Bisa ƙa'idarta, wasiƙar da za ta ƙetare ƙasa kada ta gaza milimita 90 da 140, don kada ta ɓace tsakanin 'yan'uwanta ko ta maƙale cikin injin tantancewa.

Kati

Katin shaida da katin banki suna da tasu ƙa'ida dabam, mai lamba ISO 7810. Tsawon kati milimita 85.60 ne, faɗinsa 53.98, kaurinsa wajen 0.76. Katin shaidar zama a Ƙatar, wanda baƙo ma'aikaci ba ya rabuwa da shi, da katin ɗan ƙasa na Nijeriya, da katin cirar kuɗi, duk girmansu ɗaya. Da kowane banki zai yanka nasa yadda ya ga dama, da ba injin da zai karanta katin wani.

Katin suna da adireshi, wanda 'yan kasuwa ke miƙa wa juna, ba shi da doka ɗaya. A yawancin ƙasashen Turai milimita 85 da 55 a ke yi, a Amurka kuwa inci 3.5 da inci 2, watau wajen 89 da 51. Mai hankali ya kan zaɓi wanda zai shiga alabe tare da katin banki. Katin ɗaurin aure ko na suna kuwa, in an yi shi A5 sai a nemi ambulan C5, in A6 ne a nemi C6. Wanda ya ƙago wa katinsa wani girma dabam, to sai an yanka masa ambulan ta musamman, kuɗin aiki ya ƙaru.

Nauyi

Wanda ya duba ƙunshin takarda zai ga an rubuta 80 a jikinsa. Ma'anarsa ita ce murabba'in mita ɗaya na wannan takarda gram 80 ne. Tun da A0 murabba'in mita ɗaya ce, kuma A4 kashi ɗaya ce cikin 16, to fallen A4 gram 5 ne. Ƙunshi mai falle 500 kilo biyu da rabi ke nan, kwali mai ƙunshi biyar kuwa kilo 12 da rabi, ban da nauyin kwalin. Ta haka akawu zai san nauyin wasiƙa ba tare da sikeli ba: falle uku gram 15, ambulan wajen gram 5, jimla gram 20. Takardar kati ta kan kai gram 250 zuwa 350.

Mai maɗaba'a shi ma da wannan lissafi ya ke cin riba. Fallen A1 ɗaya yana ba da warƙa 16 na A5, watau shafi 32, ba tare da ɓarna ba. Shi ya sa shafukan littafi su kan tashi 16, 32, 64. Da ya ke ana datse gefen aiki bayan bugu, maɗaba'u su kan sayi falle mai ɗan ƙari, kamar SRA3, milimita 320 da 450. In za a buga katin suna mai 85 da 55, a bar milimita 3 a kowane gefe don wuƙa, kowane kati zai ci 91 da 61. A jera uku a faɗi, bakwai a tsawo, sai kati 21 su fita daga falle ɗaya. In aka juya su, biyar da huɗu, 20 kaɗai za a samu. Kati ɗaya a kowane falle ba kome ba ne a ido, amma a aikin falle dubu ya zama kati dubu.

Inda ma'aunai ke karo

Ba duk duniya ce ta bi jerin A ba. Amurka da Kanada suna amfani da takardar da su ke kira leta, inci 8.5 da inci 11, watau milimita 216 da 279, da wata doguwa ta lauyoyi, inci 8.5 da 14. A Filifin ana amfani da leta, da wata mai inci 8.5 da 13. Ƙasashen da Ingila ta mulka kuwa sun gaji fulskaf, inci 8 da 13, wadda sunanta bai ɓace daga bakin ɗaliban Nijeriya ba. A Doha duk waɗannan suna yawo, balle tun da jami'o'in Amurka suka buɗe rassa a unguwar ilmi ta birnin, kamar Virginia Commonwealth a 1998, da Carnegie Mellon a 2004, da Georgetown a 2005.

Bambancin kaɗan ne, amma ƙaramin ƙaya shi ke hana tafiya. A4 ta fi leta tsawo da milimita 18, leta ta fi A4 faɗi da milimita 6. In aka shirya takarda a kwamfuta bisa A4, aka buga ta a kan leta, ƙasanta ne zai yanke. Ƙasan takarda kuwa nan ne sa hannu da hatimi da kwanan wata su ke zama. Baƙon da zai yi aiki a Ƙatar a kan bukaci a tabbatar da takardun shaidarsa da hatimin hukumomi, na ƙasarsa da na ƙasar da ya zo. Kwafin da hatiminsa ya guntule ana iya mayar da shi, mai shi ya yi hasarar kwanaki da kuɗin mota, wani lokaci har wa'adin da aka ba shi ya wuce. Haka nan leta ba ta son fayil na A4, gama ƙa'idar duniya huda biyu ce, tsakaninsu milimita 80, Amurkawa kuwa huda uku su ke yi.

Maganin abin yana jikin injin kwafi. Daga A4 zuwa A3 a ƙara zuwa kashi 141 cikin ɗari, daga A3 zuwa A4 a rage zuwa kashi 71. Lambobin nan su ne 1.414 da 0.707 da aka ambata ɗazu. Daga A4 zuwa leta a rage zuwa kashi 94, daga leta zuwa A4 kashi 97. Fulskaf kuwa ta fi A4 tsawo da milimita 33, don haka sai an rage ta zuwa kashi 90 kafin ta fito gaba ɗaya.

Akwai kuma sha'anin iska. Takarda zaren itace ce, tana shan laima tana kumbura. A watannin zafi iskar Doha ta kan cika da tururin teku, takardar da aka bari a buɗe ta lanƙwashe, ta maƙale a inji. A Kano da Maraɗi kuwa hunturu ke busar da ita, har fallaye su riƙa manne wa juna. Saboda haka kada a buɗe ƙunshi sai za a yi aiki da shi, a ajiye shi a kwance, nesa da ƙasa da bango.

Rigakafi ya fi magani. Wanda zai kai aiki maɗaba'a ya faɗi abu uku tun da fari: girman takarda da sunanta, nauyinta da gram, da ambulan ɗin da za ta shiga. Wanda zai aika da takardar shaida ƙasar waje ya tambayi ma'aunin da a ke bi a can, ya bar fili kamar milimita 20 a kowane gefe, ya kuma duba kwafi da idonsa ya tabbata kusurwa huɗu da hatimi duk sun fito kafin ya rufe ambulan.